Darasi na 9: Abin da Ya Rage a Gona Bayan Girbi

Da an kai gero da dawa rumbu, an yi roron wake, an cire gyaɗa, hankalin manomi yakan bar gona ya koma kasuwa da hidimomin gida. Amma abin da aka bari a gonar ya fi abin da aka kai rumbu nauyi. A irin dawarmu ta gida mai dogon kara, karan da ganyensa sukan ninka hatsin sau biyu, sau uku, wani lokaci ma fiye. Ga tushiya a tsaye cikin kunya, ga soshiya da ƙaiƙayi a wurin sussuka, ga totuwar masara, ga ɓawon gyaɗa, ga harawa. Shuka ta gina wannan jiki duka ne da iska da ruwa da hasken rana, da kuma abincin da saiwarta ta zuƙo daga ƙasar gonarku. Iska da rana suna nan kowace shekara. Abincin ƙasa kuwa, in an kwashe ba a mayar ba, raguwa yake yi.

A zamanin kakanninmu, idan gona ta gaji sai a bar ta saura na wasu shekaru, ciyawa da sabara da kalgo su fito su zuba ganye, ƙarfinta ya dawo. Yanzu mutane sun yawaita, gado ya raba gonaki ƙanana, babu mai iya barin fili ya huta. Aikin da saura ke yi a da ya dawo kan manomi. Darasin yau zai nuna yadda ragowar amfanin gona ke ruɓewa, da hanyoyin da za a bi a mayar wa ƙasa wani kaso na abin da ta bayar.

Abin da ke cikin kara

Ku duba jikin buhun takin zamani. Za ku ga haruffa uku, N da P da K, sannan lambobi, galibi 15-15-15. N ita ce naitirojin, wadda ke sa ganye ya yi kore shar, shuka ta miƙe. P ita ce fosfaras, mai taimakon saiwa da cikar ƙwaya. K kuwa fotashiyam ce, tana ƙarfafa kara, tana taimakon shuka ta jure ƙishi da cuta. Lambar 15 tana nufin kashi 15 cikin 100. Ke nan buhu mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 7 da rabi. Ita fotashiyam, saboda yadda masana'antu ke lissafa ta, tsantsarta da ke cikin buhun kilo 6 ce da 'yan kai.

Waɗannan abubuwa uku da kuke saya da kuɗi suna nan cikin kara. Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke ƙasar Filifin ta auna busasshen karan shinkafa, ta samu a tan ɗaya, wato kilo 1,000, akwai naitirojin kilo 5 zuwa 8, fosfaras wajen kilo 1, fotashiyam kuma kilo 12 zuwa 17. Ku kwatanta da buhun da muka lissafa a sama. Tan ɗaya na karan shinkafa yana da naitirojin kusan na buhu guda, fotashiyam kuwa ta buhu biyu ko fiye. Haka kuma, cikin duk fotashiyam da shinkafa ta zuƙa daga ƙasa, kashi 80 zuwa 85 cikin 100 a kara take tsayawa, ba ta shiga ƙwaya. Dawa da gero da masara ma haka suke: kaso mai yawa na naitirojin da fosfaras yana tafiya da hatsi zuwa rumbu, yawancin fotashiyam tana zama a kara.

Bayan waɗannan akwai wani abu da ba a rubuta a jikin kowane buhu ba. Idan kara ya ruɓe ya gama, yakan bar wani baƙin gari mai laushi a cikin ƙasa. Shi ne ke sa ƙasar gindin gawo da ta tsohon juji su yi duhu, su riƙe danshi, su ƙi yin tauri. Shi ke riƙe takin zamani kada ruwa ya wanke shi ya wuce saiwa. A ƙasar jigawa irin tamu, wannan abu sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasar ba. Shi ya sa za ku ji manomi yana cewa ya zuba buhu biyu bana amma bai ga abin da yake gani da buhu ɗaya a da ba.

Wuta

Da bazara ta kama, a tsaya a bakin gari da yamma, za a ga hayaƙi yana tashi daga gonaki. An tattara tushiya da guntun kara tsibi-tsibi an cinna musu wuta. Masu yin haka suna da hujjarsu, kuma ba hujjar banza ba ce. Wuta tana da sauri. Tana kore maciji da kunama, tana kashe tsutsa, tana share fili yadda garmar shanu ba za ta riƙa sarƙewa ba. Kuma kowa ya lura inda aka ƙona tsibi shuka takan fi kyau a shekarar.

To amma ku dubi abin da ya tafi. Ma'aunin cibiyar da muka ambata ya nuna idan aka ƙona karan shinkafa, kusan duk naitirojin ɗinsa yana bin hayaƙi, tare da wajen rubu'in fosfaras da wajen kashi ɗaya cikin biyar na fotashiyam. Abin da zai zama baƙin garin nan kuwa ya ƙone ƙurmus. Toka ce kawai ta rage, kuma ita ce ke sa wurin tsibin ya yi kyau. An tattaro abincin faɗin gona an zube shi a wuri ƙarami, an yi asarar mafi tsadarsa, sauran gonar kuma an bar ta tsirara. Tokar ma, in ba a yi sa'a ba, iskar hadarin farko za ta kwashe ta zuwa gonar wani.

A jihohin Funjab da Haryana na ƙasar Indiya, manoma kan ƙona karan shinkafa a watannin Oktoba da Nuwamba don su yi saurin shuka alkama. Hayaƙin yana haɗuwa da na motoci da masana'antu ya turnuƙe birnin Delhi, har akan rufe makarantu. Masu noman rani a Kadawa da Kura da kwarin Haɗeja su ma suna cikin irin wannan gaggawa tsakanin girbin shinkafa da shuka ta gaba, don haka abin ya shafe mu.

Su wa ke ruɓar da kara?

Kara ba ya ruɓewa da kansa. Halittu ne ke cin sa. Wasu muna ganin su, kamar gara da tana da ƙananan ƙwari. Mafi yawa ido ba ya ganin su sai da na'ura: bakteriya da nau'o'in fumfuna. A cikin cokali ɗaya na ƙasa mai kyau akwai miliyoyinsu. Suna cin kara, su fitar da iska da ɗumi, su hayayyafa, su mutu, abincin da ke jikinsu ya saku cikin ƙasa yadda saiwa za ta iya sha.

Suna buƙatar danshi, da iska, da ɗumi. Ɗumi dai Allah ya ba mu. Danshi ne matsalarmu, domin daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa saukarsa a Mayu ko Yuni ƙasa a bushe take, waɗannan halittu kuma ba sa aiki a bushe. Shi ya sa karan da aka bari a kaka za a same shi a bazara kusan yadda yake, in ban da inda gara ta taɓa.

Sai kuma maganar abinci, wadda ita ce zuciyar wannan darasi. A wurin waɗannan halittu, kara tuwo ne, naitirojin kuma miya. Karan dawa da na gero da na masara tuwo ne mai yawa da miya 'yar kaɗan. Harawar wake da ta gyaɗa da kashin dabbobi miyarsu ta isa har ta yi saura. Masana suna auna wannan da lamba: sukan ce a karan hatsi, kowane kashi 1 na naitirojin yana tare da kashi 60 zuwa 80 na kabon, wato sinadarin da ya gina jikin karan, alhali halittun sun fi son kashi 25 zuwa 30. Idan aka ba su tuwo babu miya, sai su nemo miyar a cikin ƙasar da ke kewaye, su kwashe naitirojin ɗin da ƙaramar shuka ke jira.

Wannan ne bayanin abin da manoma da yawa suka gani da idonsu. Mutum ya binne busasshen kara mai yawa daf da shuka, masara ta fito ta yi rawaya ta tsugune, sai ya yanke hukunci cewa kara yana kashe gona. Naitirojin ɗin bai ɓace ba, yana jikin halittun, zai dawo bayan wasu makonni idan sun gama aiki sun mutu. Sai dai shuka ba ta jira, kuma wadda ta tsumbure tun tana ƙarama da wuya ta murmure. Maganin abin ɗaya ne daga cikin uku: a haɗa karan da kashin dabbobi ko ɗan takin yuriya lokacin binnewa, ko a bar shi a saman ƙasa inda yake ruɓewa a hankali, ko a ruɓar da shi a rami kafin a kai gona. Daddatsa kara ƙanana yana gaggauta ko wace hanya aka bi, domin halittun ta bakin yanka suke shiga.

Kara yana da masu nema

Duk wanda zai ce wa manomi ya bar karansa duka a gona bai san zaman ƙauye ba. Da kara ake yin danga da rumfa da gadon kara. Da shi uwargida ke hura wuta inda itace ya yi tsada. Harawa kuwa kuɗi ce a hannu, musamman a ƙarshen rani da lokacin kiwon ragon layya. Wanda ya bar kara a fili ma, in bai kwashe ba wani zai kwashe, ko garke ya biyo ya cinye. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: cikin abin da ya fita daga gona, me zai iya komawa, ta wace hanya?

Manoman karkarar Kano sun daɗe da samun amsa. Ƙasarsu tana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkushewa a yankin, ana noma gona ɗaya shekara da shekaru babu hutu, amma ba ta mutu ba. Masu bincike irin su Michael Mortimore da Frances Harris sun bi diddigin dalili. Ana shuka wake da gyaɗa tsakanin gero da dawa. A kwaso harawa da ganyen dawa a kai gida a ɗora kan rumfa ko reshen bishiya. Tumaki da awaki su ci a turke. Kafin damina a kwashe takin turken, a haɗa da toka da sharar tsakar gida, a loda a mangala ko amalanke a mayar gona. Harawar ta bar gona a kaka, ta dawo a bazara, a tsakani kuma ta ba da nama da nono da kuɗi.

Wannan hanya tana da wuraren yoyo guda biyu da za a iya toshewa ba tare da kashe ko kwabo ba. Na farko fitsari. Kaso mai yawa na naitirojin da dabba ke fitarwa, da mafi yawan fotashiyam, a fitsari suke, ba a kashi ba. Idan turke ƙasa ce tsirara, fitsarin ya nutse ko rana ta busar da shi. A riƙa shimfiɗa ƙaiƙayi da soshiya da ragowar karan da dabbobi suka ƙi ci a ƙarƙashinsu. Za su tsotse fitsarin, kofato ya tattake su, su fara ruɓewa tun a nan. Wannan aiki galibi a hannun mata yake, domin su ne masu tumaki da awaki a gidaje da yawa, su ne kuma masu shara da toka. Uwargida da ta gane wannan ta ƙara wa gonar gidan taki ba tare da ta taka gonar ba.

Na biyu rana. Idan warin taki ya bugi hanci har ya sa ido hawaye, naitirojin ne ke gudu cikin iska. Takin da aka baza a gona tun watanni kafin ruwa, rana da iska sun sha rabonsu. A tara shi a inuwa a rufe. In an kai gona da wuri, a bar shi tsibi-tsibi a yayyafa ƙasa a kai, sai ruwa ya kusa a baza a rufe da huɗa.

Haka ma tsohuwar hulɗar manomi da makiyayi. Bayan girbi manomi kan gayyaci Bafulatani ya sauka da garkensa a gona, shanu su ci kara su kwana a nan su bar kashi, manomi ya ba da hatsi. A Nijar har yanzu hukuma kan sanya ranar sakin gonaki bayan an gama kwashe amfani. Inda zaman lafiya ya ba da dama, wannan yarjejeniya ta fi a sayar da kara a loda a mota, domin abin da mota ta ɗauka ba ya dawowa.

Kada wani ya ɗauka ana cewa a daina sayen takin zamani. A Samaru ta Zariya an fara wani gwaji tun 1950, ana noma filaye iri ɗaya shekara bayan shekara, wasu da kashin shanu, wasu da takin zamani, wasu da duka biyun, wasu babu komai. Da tafiya ta yi nisa, filayen da ake zuba wa takin zamani mai naitirojin shi kaɗai ƙasarsu ta yi tsami, baƙin garin nan ya ragu. Waɗanda aka haɗa musu biyun su ne suka riƙe ƙarfinsu.

Shimfiɗa kara a gona

A Sadore, kudu da Yamai, cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta yi shekaru tun daga 1980 da 'yan kai tana gwada abin da ke faruwa idan aka mayar da karan gero kan jigawa, a gwaje-gwaje da yawa tan 2 a kowace hekta. Filin da aka shimfiɗa wa kara ya fi wanda aka share tas ba da gero, wanda kuma aka haɗa masa kara da takin zamani ya fi su duka nesa ba kusa ba. Dalilan ba na abinci kaɗai ba ne. Karan da ke kwance yana tare ƙurar hunturu da rairayin da iska ke kwasa, kuma ƙurar nan tana ɗauke da abincin shuka. Yana rage zafin ƙasa da tsakar rana. Yana kare ƙaramin gero daga rairayin da iskar hadari ke watsa masa har ya binne shi. Idan ruwa ya sauka, yana rage gudunsa ya ba shi lokacin nutsewa.

A nan ne gara ke shigowa. Manomi yana ƙin gara, kuma da dalili, don tana cin rumbu tana huda gyaɗar da aka yi jinkirin cirewa. Amma a gona, a tsakiyar rani, ita kaɗai ce ke aikin ruɓarwa. Ku ɗaga karan da ya yi wata biyu a kwance. Za ku ga an lulluɓe ƙasansa da siririn gini na ƙasa, cikinsa ya zama holoƙo, ƙarƙashinsa kuma ƙananan ramuka sun nutsa ƙasa. Ta waɗannan ramuka ruwan farko zai shiga. A Burkina Faso an farfaɗo da faƙo, inda ruwa ke zamewa ya wuce ko ciyawa ba ta fita, ta hanyar shimfiɗa kara da rassa kawai, gara ta zo ta farfasa shi. Gara ta fi son busasshen abu. Ta fi far wa shuka mai rai idan fari ya raunana shukar ko babu wani abin ci a fili.

Wannan ne sirrin tassa, wadda manoman Illela a jihar Tawa suka ɗauko suka inganta a ƙarshen shekarun 1980 bayan sun ga yadda ake yi a yankin Yatenga na Burkina Faso, ƙasar Yakuba Sawadogo, manomin da ya yi suna da wannan aiki, ya rasu a 2023. Ana haƙa ramuka da rani, faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 10 zuwa 20, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki ko ruɓaɓɓen kara cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami. Iska ta ƙaro ganye da ƙura, gara ta huda ƙasan ramin, ruwa ya taru, a shuka a ciki.

Saura maganar tsutsa, wadda ita ce babbar hujjar masu wuta. Gaskiya ne tsutsar da ke huda karan dawa da gero a cikin busasshen kara take kwana duk rani, ta fito da damina ta zama malam-buɗe-littafi ta yi ƙwai a sabuwar shuka. Amma inda ta fi tsira shi ne karan da aka jingine a tsaye a inuwar bishiya, da wanda aka yi danga da shi. Karan da aka sare aka kwantar a fili, ba a tara shi da kauri ba, zafin ƙasa na watannin Maris da Afrilu yana kashe da yawa daga cikin tsutsotsin da ke cikinsa. Don haka a sare tun daga tushe a kwantar, a gicciye wa iska da gangaren ruwa. In karan bai isa faɗin gona ba, kuma da wuya ya isa, a fara da wurin da ya fi lalacewa, inda ƙasa ta yi fari ta yi tauri. Mai huɗa da shanu ya jera shi a kwarin kunya, ya watsa taki a kai, idan aka zo fasa tsohuwar kunya ƙasa ta rufe su tare.

Ramin taki

Wanda ke da ruwa kusa, rijiya ko fadama ko madatsa, zai iya gama ruɓar da kara cikin wata biyu zuwa uku. A ƙasarmu mai iska da zafi rami ya fi tsibi, domin yana riƙe danshi. A haƙa shi a inuwa, tsawon mita 2, faɗin mita 1 da rabi, zurfin da bai wuce mita 1 ba. In da hali a yi biyu gefe da gefe, saboda juyawa.

A daddatsa kara da adda, kowane guntu kada ya wuce tsawon tafin hannu. A shimfiɗa shi a ƙasan rami kaurin santimita 15 zuwa 20, a jiƙa shi sosai. A kawo kashin dabbobi ko na kaji ko sharar turke kaurin yatsu uku a baza a kai. In akwai ɗanyen ganye ko ɓawon wake a ƙara. A barbaɗa toka kaɗan, kaɗan fa, domin toka mai yawa a kan ɗanyen kashi tana korar naitirojin. A yayyafa ƙasar gona ko tsohon taki, shi ke kawo halittun da za su fara aiki. Sai a sake kara, a sake ruwa, a sake kashi, har rami ya cika ya ɗan yi tozo. Kada a tattake shi da ƙafa, ana son iska ta shiga. A rufe da ciyawa ko tsohuwar tabarma, a soka doguwar sanda har ƙasa.

Sandar nan ita ce ma'auninku. Bayan kwana uku ko huɗu ku zare ta ku taɓa. In ta fito da zafi da danshi, aiki yana tafiya. Tsakiyar rami mai kyau yakan kai digiri 55 zuwa 65, zafin da ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta da yawa. In ta fito a bushe da fari-fari a jikinta, ruwa ya yi kaɗan. In ta fito sanyi ƙalau alhali da danshi, kashi ya yi kaɗan. In ta fito da ɗoyi tana yauƙi, ruwa ya yi yawa iska ba ta shiga, sai a juya a ƙara busasshen kara. Ku ɗebo daga tsakiya ku matse a hannu: ya kamata ya dunƙule, ruwa ya ɗan tsattsafo tsakanin yatsu amma kada ya zuba. Duk mako biyu ko uku a juye shi zuwa ɗaya ramin, na gefe ya koma tsakiya, na sama ya koma ƙasa. Ya nuna idan zafi ya sauka, ya ragu zuwa wajen rabi, ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu, ƙamshinsa na ƙasar da ruwan farko ya jiƙa.

Ruwa ne wahalar wannan aiki. Inda ake tafiya mai nisa kafin a samu na sha, ba daidai ba ne a ce a zuba shi a rami. Mai irin wannan hali ya cika raminsa da rani a bushe, ya bari ruwan sama ya yi masa aikin, ya riƙa juyawa cikin damina. In takin ya nuna, ya yi amfani da shi a lambu, ko ya rufe shi a inuwa sai shuka mai zuwa.

Masu shinkafar ban ruwa ba su da wannan matsala. Su baza karan ko'ina a fili maimakon barinsa tsibi inda aka yi casa, su jiƙa, su juya shi cikin ƙasa. Sai dai kada a yi dashe nan take. Sabon kara a cikin ruwan da ke kwance yana fitar da tsami mai cutar da saiwa, don haka a bari aƙalla mako biyu zuwa uku. Ɓuntun shinkafa yana da jinkirin ruɓewa ƙwarai, ya fi dacewa da shimfiɗar kaji ko turke tukuna.

Akwai abubuwan da ba sa shiga rami, ba kuma a barin su a gona. Ƙuduji da ya riga ya yi fure yana zubar da dubban iri ƙanana masu iya yin fiye da shekara 10 a ƙasa suna jira. Zangarniyar da burtuntuna ta kama, da shukar da cuta ta kashe, su ma haka. Waɗannan a tara su gefe a ƙona, nan ne wuta ke da amfani. Masu sayen sharar birni kuma su tsince leda da batir da fasassun kwalabe kafin a kai gona.

Tambayoyi da aiki

1. Manomi ya samu tan 3 na karan shinkafa. In kowane tan yana da fotashiyam kilo 12, kilo nawa ke nan? Buhu nawa na 15-15-15 zai saya kafin ya samu kwatankwacinta, in kowane buhu yana da kilo 6?

2. Me ya sa masara ke yin rawaya idan aka binne busasshen kara daf da shuka?

3. Ku rubuta duk inda karan gonarku ya tafi bara: danga, murhu, dabbobi, kasuwa, wuta. Wanne ne ya koma gona?

Aikin wannan darasi a gona za a yi shi. Kowa ya zaɓi wuri mai rauni a gonarsa, ya auna taku 10 tsawo da taku 10 faɗi sau biyu, gefe da gefe. Ɗaya a yi masa yadda aka saba. Ɗayan a kwantar masa da kara, a watsa taki kwando biyu, kada a kai masa wuta. Ku rubuta ranar a littafinku. Wadda ba ta zuwa gona ta fara shimfiɗa ƙaiƙayi a turkenta daga yau, ita ma ta rubuta ranar. Kwana uku bayan ruwan shuka, ku tona kowane fili da hannu ku ga inda danshi ya fi zurfi, ku ɗebo ƙasa daga kowanne a leda daban, ku zo da ita aji.